HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: KWANA HUƊU A "ALJANNAR DUNIYA"

Tun da muka dawo daga tafiyar nan ake ta matsa mana a wurin taron ƙungiya cewa mu rubuta labarinta, mu kuwa muna ta noƙewa, domin mun lura abin da ake so mu rubuta daban, abin da idanunmu suka gano mana daban. Wani babban yayanmu a harkar rubutu, wanda muke ganin girmansa ƙwarai da gaske, ya ja mu gefe ya ce, "Ku dai ku zuba mata zuma. Wa zai kashe kuɗinsa ya ƙetare teku, sannan ya dawo yana ƙorafi? Dariya kawai za a yi muku, a ce ƙauyanci ne ya hana ku jin daɗi." Muka ce, "To Yaya, mun gode," kamar yadda ya kamata ƙane ya amsa wa na gaba da shi. Amma da yake wannan mujalla ta marubuta ce ba ta dillalai ba, yau za mu saɓa masa, kuma muna roƙon ya yi mana afuwa tun kafin ya kai ƙarshen shafi.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko ci mana tuwo a ƙwarya. A 'yan shekarun nan ƙannenmu masu tasowa sukan kawo mana rubutunsu mu duba musu kafin a kai maɗaba'a, kuma a cikin waɗanda suka ratsa hannunmu, aƙalla guda biyar sun ɗauki ango da amarya sun kai su wani tsibiri a tsakiyar teku cin amarci. Abin mamaki, duk biyar ɗin tsibiri ɗaya suka kwatanta, da kalmomi iri ɗaya: farin yashi kamar garin alkama, ruwa shuɗi garai-garai, bishiyar kwakwa ta sunkuya tana gaida masoya, iska mai sanyi na kaɗawa. Ba wanda ya saci na wani a cikinsu. Rijiya ɗaya suka sha, wato tallan masu otal da ke yawo a intanet. Mu ma rijiyar muka sha, ita ce ta kai mu inda za mu ba da labari.

Mu uku ne. A watan Yuni na 2023 wani taro ya kai mu Kolombo ta ƙasar Siri Lanka, kuma masu taron ne suka ɗauki nauyin jirginmu. Da aka watse sai ɗayanmu ya ce tun da ga mu a bakin ƙofa, ai asara ce mu koma gida ba mu leƙa Maldif ba, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama, ba a kuma neman biza tun daga gida, a filin jirgi ake bugawa. Ya buɗe waya ya nuna mana hoton wani ɗan ƙaramin wurin shaƙatawa, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. A saman hoton an rubuta cewa aljannar duniya ce, a ƙasa kuma ga ragi na musamman, dala 140 kowane ɗaki a kwana. Ku tuna, a watan nan ne aka saki naira ta nemi matsayinta da kanta, dala ɗaya tana cin wajen naira 750. Duk da haka muka haɗa guzurin da ya rage mana, muka kama ɗaki biyu na kwana huɗu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, mun san karin maganar sarai, har mun sha sa ta a bakin tsofaffi a cikin littattafanmu, amma ranar ba wanda ya tuna da ita.

Ga wanda bai san ƙasar ba, Maldif tarin tsibirai ne kusan 1,200 a Tekun Indiya, kudu maso yammacin Indiya, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Ƙasar Musulmi ce tun shekarar 1153, harshensu Dibehi, rubutunsu daga dama zuwa hagu yake tafiya kamar ajami. A 1972 aka buɗe wurin saukar 'yan yawon buɗe ido na farko, kuma tsarin da aka ɗora harkar a kansa shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya: a ɗauki tsibirin da ba kowa a kai, a ba kamfani haya, ya gina masauki. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen duk abin da ya same mu. A Kano in mai masauki ya ɓata maka rai, jakarka za ka saɓa ka tsallaka titi. A can titin teku ne, kuma jirgin da zai fitar da kai na mai masaukin ne.

Filin jirgin saman ma a kan tsibirinsa yake, kusa da Male babban birni. Nan muka yi zaman awa uku muna jiran kwale-kwale mai inji, nan kuma aka fara sanar da mu cewa kuɗin jirgin ruwa ba ya cikin abin da muka biya, dala 120 ne kowane kai, zuwa da dawowa. Muka duba takardarmu, ashe an rubuta, amma da baƙaƙen da sai mai tabarau biyu zai gani. Tafiyar da aka ce ta minti arba'in ce ta ci awa ɗaya da rabi, igiyar ruwa tana ɗaga mu tana makawa, babbanmu da ya fi kowa cika bakin ya saba da jirgin fito tun yana yaro shi ya fara amai. Da muka sauka aka tarye mu da tsumma mai sanyi da ruwan kwakwa, aka kuma ce mu tura agogonmu gaba da awa ɗaya, wai tsibirin yana da nasa lokacin dabam da na Male, don baƙi su ga kamar yini ya fi tsawo. Jama'a, wurin da agogo ma aka koya masa ƙarya, me kuke tsammani daga sauran?

Tsibirin kaf ɗinsa mun zagaye shi a ƙafa cikin minti goma sha biyu. Ɗakin da a hoto yake kallon teku, a zahiri katangar ɗakin gabansa yake kallo, sai ka leƙa ta gefen taga kamar mai satar kallon amarya sannan ka hango ruwa. Bango ya yi fumfuna, katifa tana warin danshi, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a kan jakunkunanmu. Ruwan famfo zartsi ne, domin ruwan teku ake tacewa, kuma da alama injin tacewar ya gaji. Na sha kuwa kwalba ɗaya dala shida. Da dare ya yi sai ga ƙugin janareta a bayan ɗakinmu har asuba, tun da kowane irin wannan tsibiri shi ke samar wa kansa wuta, galibi da man dizal. Mu da muka baro ƙugin janareta a unguwanninmu muna murna, ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Ruwan sama kuwa ya sauka kwana uku cikin huɗun. Gaɓar da aka ɗauki hoton nan a kanta, rabinta teku ta cinye, an jera buhunan yashi baƙaƙe ana tare zaizaya, bishiyar kwakwar da ta sunkuya tana gaida masoya kuwa saiwarta ce ruwa ya tone, faɗuwa take shirin yi.

Mun san abin da za a ce, don an riga an faɗa mana a baki: laifinku ne, kun je da damina. Gaskiya ne. Daga Mayu zuwa wajen Oktoba iskar kudu maso yamma ce ke kaɗawa a can, ita ke kawo ruwa da haukan teku, lokacin rani kuwa daga Disamba ne zuwa Afrilu, shi ya sa aka yi ragin. Wannan kason na laifi mun ɗauka, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan harajin gwamnati da aka ɗora mana ranar tafiya, kashi 16 cikin ɗari a wancan lokaci, da kashi 10 na hidima, da dala shida a kowane kai kowane dare na kare muhalli, doka ce ta ƙasa, ba mai otal ya ƙirƙira ba. Amma wanda ya rubuta tallan nan ya san da damina, ya san da haraji, ya san da buhunan yashi, ya zauna ya zaɓi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya yadda ba za a kama shi da ƙarya a kotu ba, kuma ba za a sami gaskiya a bakinsa ba. Wannan gwaninta ce ta alƙalami. Marubuci ne ya yi ta, ɗan'uwanmu a sana'a, kuma shi ya sa maganar ta zama tamu a wannan mujalla. Da ƙorafin katifa ne kawai da ba mu ɓata muku takarda ba.

Rana ta biyu aka ba mu aron tabarau na leƙa ƙarƙashin ruwa da rigar hana nutsewa, mu je mu ga lambun murjanin da talla ta ce yana da launi fiye da bakan gizo. Sai ku ga dattawa uku 'yan tudu, ba wanda ya iya iyo, suna fafaniya a ruwan da bai wuce ƙirji ba. Abin da muka gani fili ne na karyayyun duwatsu masu launin toka, kamar makabartar da aka daɗe da mantawa, sai 'yan kifaye jefi-jefi. Yaron da ke kula da mu, ɗan ƙasar ne, shi ya yi mana bayani. Murjani halitta ce mai rai, akwai wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a jikinsa, su ke ba shi abinci da launi. In teku ta yi zafi fiye da ƙima sai ya kore su, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a 1998, ta sake faruwa a 2016. Kuma wannan murjani shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ne ma asalin yashin, don akwai wani kifi mai baki irin na aku da ke gurgurar dutsen, ya niƙe shi a ciki, ya kasayar da shi. Wato farin yashin nan da ƙannenmu ke shimfiɗa amare a kai, kaso mai yawa nasa kashin kifi ne. Ƙasar da tsayinta a kan teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici, in katangarta ta mutu, ai ba zancen hutu ake ba, zancen rayuwa ake. Don haka ne a 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya tara ministocinsa suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa don duniya ta waiwaye su. Ko kalma ɗaya ta wannan ba ta cikin talla.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa a bayan shinge muka same shi. A tsakiyar tsibirin akwai wani dogon shinge da aka lulluɓe da ganyen kwakwa, an rubuta baƙi ba sa shiga. Mu kuma alƙibla muke nema, don a gida gabas muka sani, a can kuwa Ka'aba tana arewa maso yamma, ga agogo an jirkita, mun rasa gane lokacin salla. Muka tambayi mai share mana ɗaki, wani ɗan Bangaladash mai ƙarancin magana. Ya tsaya yana kallonmu, don bai saba ganin baƙo ya tambaye shi abin da ya wuce tawul ba. Ranar Juma'a sai ga shi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "'Yan'uwa, in za ku yi salla ku biyo ni." Ya shigar da mu ta wata 'yar ƙofa. Ashe a bayan shingen nan gari ne guda: ga janareta, ga injin tace ruwa, ga tulin shara ana jiran jirgin da zai kwashe, ga ɗakunan ma'aikata da gadaje hawa-hawa, ga igiyoyin shanya, ga ɗan masallaci fes da shi. Muka yi sahu da masu dafa mana abinci da masu wanke mana zannuwa, 'yan ƙasa da 'yan Bangaladash da 'yan Indiya. Bayan an idar suka riƙe mu sai mun sha shayi, suka kawo wani abinci da suke kira mas huni, kifi ne da aka dagargaza da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata 'yar gurasa mai laushi. Wallahi a kwana huɗun nan ba mu ci abin da ya kai shi daɗi ba, alhali a ɗakin cin abincin baƙi taliyar Turawa da dankalin da ya kwana ake jera mana.

Mutumin nan ya ce shekararsa biyu rabonsa da gida, 'yarsa ta fara tafiya ba ya nan, a waya yake ganinta. Bai faɗa da sigar kuka ba, mu ne muka tambaya. Muka tambayi inda ake kai sharar, aka ce akasari Tilafushi, wani tsibiri kusa da Male da aka soma ginawa da shara tun 1992, aka yi ta cike wani tafkin teku da juji har ya zama ƙasa, aka kuma yi shekaru ana ƙona shara a fili a kansa hayaƙi na turnuƙe sama, har zuwa 2021. To ga tambayarmu ga masu kai ango da amarya tsibiri: wa ya share ɗakin da suka kwana? Ina aka kai kwalaben da suka sha? A cikin rubuce-rubuce biyar ɗin nan, babu ko ɗaya da wani mahaluki ya buɗe baki ya yi magana in ban da masoyan biyu. Tsibirin ba mai salla, ba mai gumi, ba mai kewar 'yarsa. An share mutanen ƙasa guda daga doron ƙasarsu don kada su ɓata wa jaruma hoto. Mu da muke ƙorafi dare da rana cewa baƙi sun rubuta ƙasarmu kamar ba kowa a cikinta sai raƙuma da ƙudaje, yau mu ne muke yi wa wasu haka, kuma ko kunya.

Sannan ga abin da ya sa muka ji kamar mu ciji yatsa. Da yamma muna tafe a gaɓa sai ɗayanmu ya sunkuya ya tsinci wuri. Wuri dai da kuka sani, irin wanda kakanninmu ke ɗaura wa yara a wuya, irin na jikin ƙwaryar 'yan bori. Ashe nan ne mahaifarsa. Ɗaruruwan shekaru mutanen waɗannan tsibirai suna shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, 'yan halittun su hau, a janye a shanya har naman ya ruɓe ya bar ɓawon, a loda a jirage zuwa Bengal da sauran tashoshi, daga nan ya bi hannun fatake, daga baya kuma jiragen Turawa, har ya iso Afirka ta Yamma, inda aka sayi goro da shi, aka sayi gishiri, aka kuma sayi bayi, kada mu ɓoye. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum, asalinta jam'in wuri ce. Lokacin da Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin riyal ɗaya na azurfa. Ku duba wannan ikon Allah: ƙasar da ta yi wa kasuwar Kurmi kuɗi, ita ce muka je muna ƙirga mata dala, ba mu san akwai wata tsohuwar ma'amala tsakaninmu ba. Wane labari ne ya fi wannan dacewa da alƙalamin Bahaushe? Yana nan yashe a bakin ruwa, mu kuwa muna can muna kwafar bishiyar kwakwa daga tallan otal.

Kuma ba mu ne farkon masu alƙalami da suka taka wurin ba. Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja ta Maroko, ya sauka a tsibiran nan wajen 1343, har aka naɗa shi alƙali, ya yi aure-aure a cikin manyan gari, daga baya ya saɓa da waziri ya tattara ya bar ƙasar. Shi ya ba da labarin yadda ake tara wuri, ya ce a can ana ba da 400,000 a kan dinari ɗaya, kuma da ya zo ƙasar Mali da Gawo bayan kamar shekara goma, ya tarar da wurin nan ana canjinsa 1,150 a dinari. A tafiyar nan ce ma ya biya ta Takadda, a yankin Agadas na yanzu. Abin da ya sa har gobe ake karanta shi, bai ɓoye inda ya sha kaye ba. Da bakinsa ya faɗa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa a matsayin alƙali ya sauya irin suturar matan tsibirin, ya kasa. Da ya bi shawarar Yayanmu ya zuba zuma, da tuni an manta da shi.

A gida ma muna da magabata a wannan fanni, ba sai mun yi aro ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar aka kuma 'yanta, ya bi Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausarsa, Schön ya rubuta aka buga a Magana Hausa a 1885, kuma har yadda Turawa ke zaman cin abinci bai bari ba, ya dube su da idon baƙo mai lura. Abubakar Imam ya bi ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya ba mu Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan mutane sun tafi da idanunsu, sun dawo da abin da idanun suka ɗebo. Mu jikokinsu mun fi su jirage, mun fi su fasfo, amma sai mu tafi da hoton da aka riga aka sa mana a ka, mu dawo da shi ko ƙura bai yi ba.

Za a ce mana, ai ƙagaggen labari ne, marubuci yana da 'yancin ya ƙirƙiri duniyarsa, ko shi Imam ɗin ai bai je neman Ruwan Bagaja da ƙafarsa ba. Mun yarda. A shekarun 1990 da aka yi ta cacar baka a jaridu kan littattafan soyayya, har aka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, mu muna cikin masu cewa a bar matasa su yi mafarkinsu. Har yau ba mu sauya ba. Amma a yi mafarkin da kai, kada a yi da kan wani ɗan talla da aka biya shi don ya kwashe kuɗin mutane. Wanda ya ƙirƙiri tsibirin da babu shi a taswira, ya raɗa masa suna, ya zuba masa aljanu da 'yan ruwa, wannan mun sara masa. Wanda kuwa ya kira sunan ƙasa ta gaske, mai mutane na gaske, to ya ɗauki amana. In ba shi da halin zuwa, kuma yawancinmu ba mu da shi, ai tambaya ba ta ƙare ba, karatu bai ƙare ba. Awa biyu na bincike za su gaya masa akwai damina, akwai masallaci, akwai jirgin da ke sa amai. Ku gaya mana tsakani da Allah, wanne ya fi daɗin karatu: amaryar da ke tafe a kan farin yashi tana murmushi shafi goma, ko amaryar da ruwa ya kulle ta a ɗaki ɗaya da angon da ba ta gama sani ba, kwana uku, ba inda za ta gudu, ga takardar kuɗi tana hauhawa, ga shi ya fara ƙirga kwalaben ruwan da take sha? A na biyun ne za a san ko auren zai yi ƙarko. Gaskiyar wurin ta fi ƙaryarsa albarkar labari, ko da ta fuskar kasuwa aka duba.

Kada kuma a fahimce mu a baibai, a ce mun ce Maldif ba kyau. Akwai kyau, mun gan shi da idonmu a 'yan mintunan da rana ta leƙo, launin ruwan nan ba mu da sunansa a Hausa. Akwai masaukai sama da 160 irin na tsibiri guda, wasu babu shakka sun fi namu nesa ba kusa ba, kuma tun 2009 aka halatta wa 'yan ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, inda baƙo zai ji kiran salla, ya shiga shago, ya sha shayi da masunta a kuɗi kaɗan. Da mun san da haka da can muka nufa. Ba mu sani ba domin duk waɗanda suka riga mu zuwa, da muka tambaya, zuma suka zuba mana. Kowa yana jin kunyar a ce an cuce shi, sai ya rufe, na bayansa ya faɗa ramin, shi ma ya rufe. Haka ake yi da zuwa Dubai, haka ake yi da zuwa Turai, har yaro ya sayar da gonar gado ya bi hamada saboda hoton da wani ya turo yana jingine da motar da ba tasa ba. Shawarar Yayanmu, duk da kyakkyawar niyyarsa, ƙanwar wannan ce.

Saura mu faɗi namu, don kada mu tsaya a kan mumbari kamar waɗanda ba su taɓa yin najasa ba. Ranar da za mu taso, da hantsi, hadari ya yaye na kamar minti ashirin. Mu ukun nan, marubuta masu wa'azin gaskiya, muka ruga ɗaki muka sako manyan kaya, muka tsaya a gindin bishiyar kwakwar nan mai shirin faɗuwa, muka miƙa wa ɗan'uwanmu ɗan Bangaladash waya. Ya ɗauka, muka duba, buhunan yashi sun fito. Muka ce ya ɗan matsa hagu. Ya matsa, ya sake ɗauka, bai ce uffan ba, da gani ya saba. Kafin jirgi ya iso Male hoton ya isa Kano da Zariya da Katsina, ana ta turo mana "Ma sha Allah, aljannar duniya!" ba kuwa wanda ya musa a cikinmu. Ɗaya daga cikin ƙannen nan biyar ma a hoton namu ta ga bishiyar da ta sa a babinta na tara, ita da kanta ta gaya mana.

Hotunan biyu suna nan ba mu goge ba. Za mu zo da su taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu, mai buhunan da marar buhunan, tare da takardar kuɗin otal ɗin. Yaya, muna fatan za ka zo, kujerar gaba muka tanadar maka.